Goggo, Malamar Yaran Bayan Aji

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu tattara ɗaya bayan ɗaya. Goggo, yayar mahaifina, ta riga mu. Ta rasu a Roni wata Talata da hantsi, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba, aka kai ta makwancinta kafin la'asar. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a firamare, tsakanin Roni da Gwiwa da Babura. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma har ta yi ritaya ba a taɓa ba ta shugabancin makaranta ba.

Na zaci zaman makokin ba zai wuce dangi da 'yan unguwa ba. A rana ta biyu sai ga wani ƙaton mutum ya kafe babur a ƙofar gida, ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya tsuguna gaban mahaifina. Ya ce a kasuwar dabbobi ta Babura labarin ya same shi. Ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai kuka ya ƙwace masa. Muka sunkuyar da kai har ya share fuska da bakin rigarsa.

"Baba, ni ne dolon ajinta," in ji shi. "Sau biyu ina maimaita aji uku. Malamai suka ce a mayar da ni kiwo, kaina ba na boko ba ne. Ita ta je har rugarmu ta ce a bar mata ni shekara ɗaya. Yau da hannuna nake rubuta saƙo a waya."

Maiɗakina ta ce haka aka yi a cikin gida. Wata ungozoma daga Gwiwa ta shigo, ba wadda ta san ta, ta zauna a ƙofar ɗakin Goggo tana kuka har aka ɗauka 'yar riƙonta ce. Da aka tambaye ta sai ta ce, "Duk makarantar ita kaɗai ce take bari in gama magana."

Akwai kuma wani dattijo da suka yi koyarwa tare. Ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ya gyara zama, sannan ya ce wa na kusa da shi, a hankali amma na ji, "Allah ya jiƙanta, mace ce mai haƙuri. Sai dai ta ƙarar da kanta a kan yaran da ba za su ci jarrabawa ba. Da masu kaifin ta riƙe, da ta yi suna."

Ina zaune ina amsa gaisuwa, amma abin da yake cina daban ne, kuma ina jin nauyin faɗinsa. Ba Goggo kaɗai nake wa kuka ba. Ina kukan 'yata ta fari, wadda na sa wa sunanta, domin tana cikin yaran da dattijon yake nufi, kuma mutum ɗaya da ta san yadda ake isa gare ta ita ce muka binne.

'Yata shekararta goma sha ɗaya. A Kazaure muke zaune, inda nake aiki a sakatariya, kuma wannan ce shekararta ta biyu a aji biyar. Ba ta da ƙiriniya ko kaɗan. Da tana da ita ma da wani ya lura da ita. Yarinya ce da za ka kira sau uku kafin ta juyo, in ta juyo kuma sai ka ga kamar daga wani gari ta dawo. Uwarta za ta aike ta ɗaki ta ɗauko ludayi, a jima a tarar da ita tsaye riƙe da labule, ta manta abin da ya kai ta. Tana barci isasshe, amma a aji hamma take yi. Idan malami ya yi rubutu a allo, kafin ta kai layi na biyu an goge. Na taɓa zama na buɗe littattafanta ɗaya bayan ɗaya: kowane shafi jimla ce da aka fara ba a ƙarasa ba, da rubutu mai kyau, mai tsafta. Malamai ba sa kawo ƙararta. Mantawa suke yi tana ajin. Sai ƙarshen zango mu ga sunanta can ƙasan takarda.

Ba abin da ba mu yi ba. An auna idonta, an auna kunne, an ɗebi jini. Surukata ta ce iska ce, aka kai ta aka yi mata ruƙiyya, yarinyar ta zauna tana kallon malamin har ya gaji. Wasu suka ce sangarta ce, wasu suka ce lalaci. Ni kaina na yarda da na ƙarshen, Allah ya yafe mini.

Goggo kuwa tun yarinyar tana aji biyu ta gane. Tana ce mata Takwara. Idan muka je Roni da salla, aka tambayi yarinyar wani abu ta yi shiru, ƙannenta suka yi caraf za su amsa, sai Goggo ta ɗaga hannu. "Ku dakata. Ba ƙi ta yi ba, ba ta iso ba ne." Wannan maganar a bakinta take kullum. Ta yi wa irin waɗannan yara suna, tana ce musu masu zuwa daga nesa.

Tana da wasu ɗabi'u da muke dariya a kansu muna yara. Ba ta taɓa yi wa yaro magana daga nesa ba. Sai ta taso, duk da ciwon gwiwa, ta dafa kafaɗarsa, ta jira ya kalle ta, sannan ta faɗi abu ɗaya tak. Ba ta haɗa aike biyu. In ta yi tambaya kuma, sai ta sa hannu a carbinta ta ja ƙwaya goma a hankali, kuma kafin ta gama ba mai izinin buɗe baki. Waɗanda ta koyar sun ce haka take yi a aji. Masu nawa ta jera su a bencin gaba, masu kaifi ta tura su baya. "Mai kaifi ko a bakin titi yake zai ji," in ji ta. Saboda haka ajinta bai cika gama manhaja a kan lokaci ba. Masu duba makarantu suka riƙa rubuta ta, ana ɗauke ta daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ba ta taɓa kai ƙara ba. Ta ce ko'ina aka kai ta akwai bencin baya, kuma akwai wanda aka manta a kansa.

Ita kanta ba ta da sauri. Tuwon Goggo ya sha ƙonewa. Ta sha dawowa daga biki da takalmin wata. Za ta fara ba ka labari, ta tsaya a tsakiya tana kallon bishiyar darbejiyar tsakar gida, sai ka ce, "Goggo, sai aka yi yaya?" ta yi firgigit ta ce, "A ina na tsaya?" Mun ɗauka tsufa ne. Mahaifina ya ce tun suna yara haka take.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da ita, kuma ni ne mai laifi.

Ranar da aka ba da sakamakon da ya sa 'yata ta maimaita aji biyar, Goggo tana gidanmu, ta zo sunan wata jikar dangi. Na dawo daga aiki da rana, na karɓi takardar, na ga jan biro daga sama har ƙasa. Na kira yarinyar. Tana tsaye a gabana ina magana, sai na ga idonta ya bar ni ya koma kan wata ƙadangaruwa a jikin bango. Wani abu ya taso mini. Wayar caja ce a kusa, na zare ta na zuba mata a hannu da ƙafa. Ba ta gudu ba, ba ta ma kare ba. Sai da na tsaya sannan kukan ya zo mata.

Goggo ta fito daga ɗaki ba mayafi. "Ajiye," ta ce.

"Goggo, ki bar ni da ita. Raini ne. Ina magana tana kallon bango."

"Na ce ka ajiye. Wadda ka daka ɗin ba ta san me ta yi ba. Tsoro kawai ka ƙara mata, kuma mai tsoro ƙara nisa yake yi."

Sai na faɗi maganar da har in mutu ba zan daina jin ɗacinta ba. Na ce, "Ke ba ki haifa ba, ba ki san yadda uba yake ji ba."

Maiɗakina ta dafe baki. Goggo ta dube ni kamar ba ta ji ba, sai can na ga maganar ta isa. Ta koma ɗaki ta ɗauko mayafi da jakarta, ta tsuguna ta duba hannun yarinyar, ta shafa mata kai, ta fita ta tari mai keke. Ko abincin sunan ba ta tsaya ci ba.

Mako biyu ba ta ɗaga wayata. Da mahaifina ya ji abin da na ce, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ka je Roni. In ba ta yafe maka ba, kada ka zo gaishe ni."

Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na durƙusa na ba da haƙuri, na daɗe ina magana. Ba ta daina ɓara ba. Da na gama ta ce, "Gaskiya ka faɗa, ban haifa ba. Amma yadda Takwara take ji, na fi ka sani. Ni ce ita. Sokuwa ake ce mini a gidan nan. Kakanka ya ɗaure ni a turken akuya wuni guda saboda na bar hatsi a rana ruwa ya dake shi, ina zaune ina kallo ban tashi ba. Har yau ban san ina hankalina ya tafi ba a ranar. Wata malama ce ta zaunar da ni kusa da teburinta, ba don ta san wani abu ba, don kawai ta tausaya. Shi ke nan abin da ya raba ni da abin da kake tsoro." Ta tura mini kwanon gyaɗar. "Ci. Hutun nan ka kawo mini ita."

Na kai ta. Mako biyar ta yi a Roni. Kullum bayan karin kumallo Goggo za ta shimfiɗa tabarma a inuwa, su yi karatu kaɗan, su tashi su yi shara, su dawo su yi kaɗan. Ta yanka kwalin sabulu ta yi masa 'yar taga, ta riƙa ɗora shi a kan shafi yadda layi ɗaya ne kawai zai fito. Wata rana ina ofis waya ta yi ƙara, na ɗauka na ji muryar 'yata. "Abba, Goggo ta ce ka saurara." Ta fara karanta wani labari. Tana tsayawa, tana komawa baya, ina jin numfashin Goggo a gefenta ba ta ce komai ba. Ta karanta shafi guda cif. Na fita bayan ofis na tsaya a jikin mota don kada abokan aiki su ga fuskata.

Da aka koma makaranta Goggo ta zo Kazaure da kanta, ta sa na raka ta wurin malamar ajin. Yarinya ce malamar, ta gaji tun da safe. Ta ce, "Hajiya, ki leƙa ki gani. Sun cika benci, wasu a ƙasa suke. Ni kaɗai ce. Ya zan yi da mutum ɗaya?"

"Na san ajin nan, 'yata, na tsufa a cikinsa," in ji Goggo. "Ba duka nake roƙo ba. Ki dawo da ita gaba. In za ki yi magana ki taɓa kafaɗarta. Allon kuma ki bar gefe ɗaya ba ki goge ba sai an tashi."

Malamar ta yi, Allah ya saka mata. A zangon nan 'yata ta baro ƙasan takarda, ta hau sama da yara da dama. Sai aka yi wa malamar canjin wurin aiki.

A tsakanin nan na kai yarinyar wurin wani likitan yara a Kano. Ya daɗe da ita, ya sa ni da uwarta muka amsa tambayoyi da yawa. Ya ce akwai yaran da rashin tattara hankalinsu ba ya zuwa da tsalle-tsalle. Nasu shiru ne: nawa, yawan tafiyar tunani, zama kamar wanda bai gama farkawa ba. Ya ce ba lalaci ba ne, ba kuma rashin basira ba, amma makaranta takan yi musu wuya domin komai a cikinta da lokaci ake yin sa. Ya ce masana ba su gama fahimtar abin ba, kuma ba zai yi mini alkawarin wani magani zai kawar da shi ba. Sai ya lissafa abin da yake taimako: zama a gaba, umarni ɗaya-ɗaya, raba aiki ƙanana, ƙarin lokaci. Da na faɗa wa Goggo ta yi dariya har da tari. "Har Kano kuka je a gaya muku wannan?"

Da ciwon ajali ya kama ta na je na same ta a kwance, ta rame, magana da ƙyar. Ba ta yi zancen jikinta ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Za su ce ka cire ta. Kada ka cire ta." Na ce ba zan cire ba. Ta ce, "Ka faɗa da kyau." Na sake faɗa.

Yau kwana hamsin da wani abu da rasuwarta, kuma ban san yadda zan riƙe wannan alkawari ba.

Sabon malamin ya jera yara bisa ƙoƙari, 'yata ta koma jikin bangon baya. Na je na roƙe shi sau biyu. Ya ce to, washegari ya manta, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Hedimasta ya kira ni ya ce ba za ta zauna aji biyar karo na uku ba. Ko dai a tura ta aji shida ta tafi a haka, ta shiga jarrabawar fita ba ta shirya ba, ko in nema mata wani abin. Ya ce in ba shi amsa bayan an ba da sakamakon wannan zangon. Surukata ta riga ta yi magana da wata mai ɗinki a unguwarsu. Maiɗakina kuwa na ga ta daina duba jakar makarantar yarinyar.

Na gwada zama Goggo. Bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma, in kori ƙannen, in yi tambaya, in riƙe carbi. Ban taɓa kai ƙwaya goma ba. A ta huɗu ko ta biyar sai in ji muryata ta fita, "Ke nake jira fa!" Sai in ga kafaɗunta sun ɗaga, ta ja hannunta ta ɓoye a cikin hijabi. Ban sake dukanta ba tun ranar, amma jikinta bai manta ba. Nakan tashi in shiga banɗaki in wanke fuska in dawo, in tarar ta yi nisan da ba zan iya kamo ta ba. Mutum ya kai shekara arba'in, yana da takardun makaranta a bango, amma ya kasa yin shiru na ɗan lokacin da tsohuwa mai ciwon gwiwa take yi ba wahala. Sau da yawa nakan ɗauko waya in nemo lambar Goggo kafin in tuna.

Ranar Alhamis da ta wuce aka raba musu takardun jarrabawa. Ta kawo mini ta lissafi a ninke, ta ajiye a gefena ta ja baya. An zagaye makin da ja, ya yi ƙasa ƙwarai. Na buɗe. Tambayoyi shafi uku ne. Shafin farko ta amsa shi duka, kuma kowace amsa malamin ya yi mata alamar daidai. Shafi na biyu da na uku fari fat, ko ɗigon biro babu.

Na ce, "Mamana, zo zauna. Me ya hana ki ƙarasa?"

Ta daɗe. Na danne harshena da haƙori.

"Ina cikin yi aka ce a ajiye biro."

"Sauran kin san su?"

Ta ɗauki takardar ta duba shafi na biyu, ta juya ta duba na uku. "Na san su, Abba."

Na miƙa mata birona. Na ce ta yi, ba mai karɓa. Na koma bakin ƙofa na zauna na ba ta baya, don kada idona ya hanzarta ta. Uwarta ta fito za ta kira ta wanke-wanke, na yi mata alama ta koma. Ina jin lokacin da biron yake tsayawa, ya daɗe a tsaye, sannan ya ci gaba. Rana ta sauka daga kan dutsen bayan unguwarmu. Ana kiran magariba ta zo ta tsaya a kaina ta ce ta gama.

Na duba a tsaye, kafin in tafi masallaci. Biyu ta kuskure. Duk sauran daidai ne.

Babu inda za a rubuta wannan makin. A rajistar makaranta 'yata ta faɗi, kuma haka za a karanta. Gobe Litinin zan sa takardar a aljihu in je wurin hedimasta, in shimfiɗa masa shafi ukun a kan tebur, in roƙe shi ya duba da idonsa. Ban san me zai ce ba. Ban san me zan yi in ya ce a'a ba. Abin da na sani shi ne ba zan kai ta wurin mai ɗinki ba a wannan makon.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka ba ɗa ba jika, sai yaran mutane da ta tsaya wa. Ka yafe mata, Ka yalwata kabarinta, Ka karɓe ta da sauƙin da ta yi wa bayinKa ƙanana. Ni kuma Ka ba ni ko kaɗan daga haƙurinta, domin yarinyar tana hannuna yanzu, kuma babu wani bayana.